Bindiga a Amurka: gawar da kyamara ke bi da wadda ba ta bi

Ranar 24 ga Mayu 2022 wani yaro ɗan shekara 18 ya shiga makarantar firamare ta Robb a garin Uvalde na jihar Teksas, ya kashe yara 19 da malamansu mata biyu. Da yawanmu a rediyo muka ji da safe, wasu a waya suka gani, kuma wallahi duk wanda yake da ɗa a firamare sai da gabansa ya faɗi ranar ko da kuwa bai san inda Teksas take a taswira ba. Washegari gwamnan jihar, Greg Abbott, ya zauna gaban 'yan jarida yana yabon 'yan sanda, wai ba don jarumtarsu ba da abin ya fi haka muni, kafafen yaɗa labarai suka kwasa suka baza wa duniya. Bayan kwana biyu ya dawo yana huci yana cewa yaudararsa aka yi. Daga baya bincike ya nuna jami'an tsaro 376 ne suka taru a wurin amma sai da aka kwashe minti 77 kafin a kutsa ajin, yara na ciki suna kiran waya suna roƙon a zo a cece su.

Kafin a gama binne yaran kowane ɓangare ya riga ya ɗauki abin da zai yi masa amfani. Masu son a taƙaita mallakar bindiga suka ce ku duba, yaro ya cika 18 a 'yan kwanakin nan ya je shago ya sayi bindiga irin AR-15 har guda biyu bisa doka. Masu kare 'yancin bindiga irin su Sanata Ted Cruz suka ce matsalar ƙofa ce, a mayar da makarantu masu ƙofa ɗaya da jami'i mai bindiga a bakinta. In ka kunna CNN ko MSNBC ka ji na farko, in ka koma Fox News ka ji na biyu, kamar ba a ƙasa ɗaya abin ya faru ba.

To yawanci in ana maganar son zuciyar 'yan jarida a wannan muhawara a nan ake tsayawa, wannan gida na 'yan Dimokurat ne wancan na 'yan Rifablikan ne. Wannan gaskiya ne kuma zan zo kansa. Amma ni abin da ya fi damuna wani ne daban, kuma duka ɓangarorin biyu suna da hannu a ciki.

A shekarar 2021 alƙaluman hukumar CDC mai kula da lafiyar jama'a a Amurka sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu. Raba wannan da kwanakin shekara, za ka samu sama da mutum 130 kullum ta Allah. Wato a ranar da duniya ke kukan mutum 21 na Uvalde, a matsakaicin lissafi akwai wasu sama da ɗari da bindiga ta kashe a ƙasar a wannan yinin waɗanda babu wanda ya ji sunansu sai danginsu. Su wane ne? Fiye da rabi, kashi 54 cikin ɗari a wannan shekarar, mutum 26,328, su ne suka harbe kansu da kansu. Yawancinsu maza ne fararen fata, da yawa sun manyanta, da yawa a karkara suke. Sai kashi 43, kusan mutum 21,000, kashe su aka yi, kuma a nan baƙaƙen fata ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, alhali ba su wuce kashi 14 na al'ummar ƙasar ba, samari ne galibi, a wasu 'yan unguwanni ƙalilan na manyan birane, kuma da ƙaramar bindiga ta hannu ake harbinsu. Harbin kan mai uwa da wabi irin na makaranta da coci da kasuwa, wanda shi ne kaɗai muke ji a nan, ko da wane ma'auni ka auna shi ɗan ƙaramin yanki ne na wannan adadin.

Ba ina raina shi ba ne fa, Allah ya sani. Kashe yara 19 a aji ɗaya ba abin da za a saka a sikeli a ce kaɗan ne. Abin da nake cewa shi ne hoton da ke kan mutane game da matsalar bindiga an zana shi ne da wannan ɗan yankin, sauran kuma an bar shi a duhu.

Kuma akwai dalilai, ba duka ba ne mugunta. Labarin kashe kai 'yan jarida suna taka-tsantsan da shi da gangan saboda masana sun daɗe suna gargaɗi cewa in aka zuzuta shi wasu masu rauni kan kwaikwaya, wannan uzuri ne mai kyau, sai dai ya sa rabin matsalar ta ɓace daga allo gaba ɗaya. Shi kuwa kisan unguwanni, a nan ne uzurin ya yi rauni. In aka harbi saurayi baƙar fata a Baltimore ko Memphis labarin ba ya wuce sakan talatin a tashar garin, a nuna igiyar 'yan sanda mai ruwan ɗorawa da fitilar mota tana walƙiya, a ce 'yan sanda na bincike, shi kenan an wuce labarin yanayi. Ba a zuwa gidan uwarsa, ba a nuna hotonsa na makaranta, ba a tambayar daga ina bindigar ta fito. An saba, kuma abin da aka saba da shi ba ya tara masu kallo, talabijin kuwa da masu kallo take sayar da talla. Ƙari a kan haka jaridun ƙananan garuruwa waɗanda su ne a da suke bin irin waɗannan labaran suna ta mutuwa, daga 2005 zuwa yanzu Amurka ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta.

Ka duba abin da wannan ya haifar. A 2013 cibiyar bincike ta Pew ta fitar da wani rahoto da ya nuna yawan kisa da bindiga ya ragu da kashi 49 tsakanin 1993 da 2010, kusan rabi ke nan. Da suka tambayi Amurkawa, kashi 56 suka ce laifin bindiga ƙaruwa ya yi a kan shekara 20 da suka wuce, kashi 12 kacal suka san ya ragu. Mutane na zaune cikin sauƙin da aka samu amma talabijin ta hana su sani. Kuma tsoron nan kowa yana cin moriyarsa, mai neman a kafa doka yana buƙatarsa don tara ƙuri'a da gudummawa, mai sayar da bindiga ma yana buƙatarsa don mai jin tsoro shi ne ke zuwa shago.

Daga nan sai muhawarar doka ita ma ta bi kyamara. Kusan duk hayaniyar a kan AR-15 take, a hana ta ko kar a hana. An taɓa hana irinta daga 1994 zuwa 2004 sannan dokar ta ƙare majalisa ba ta sabunta ba. Amma alƙaluman FBI na 2020 sun nuna ƙananan bindigogin hannu ne aka yi amfani da su a kashi 59 na kisan da aka yi da bindiga, dogayen bindigogi gaba ɗayansu, har da AR-15 ɗin a ciki, kashi 3 ne, ragowar mafi yawansu ba a rubuta nau'in ba. Masu kare bindiga suna son wannan lissafi sosai, suna ɗaga shi su ce kun gani ƙarya ake muku. Su ma ba su faɗi duka ba, domin irin AR-15 ɗin ce aka riƙe a hare-haren makarantun Sandy Hook da Parkland da Uvalde da na wani kanti a Buffalo, kuma likitocin da suka karɓi gawarwakin sun yi bayanin irin ɓarnar da harsashinta ke yi wa jikin ƙaramin yaro, har a Uvalde sai da aka ɗauki samfurin ƙwayoyin halittar iyaye don a gane wasu yaran. Magana biyun nan duka gaskiya ne, amma da wuya ka same su a rahoto ɗaya.

Ko sunan bindigar ma faɗa ne. Ɓangare ɗaya yana kiranta makamin kai farmaki, masana'antar bindiga kuma ta ƙirƙiro mata suna mai laushi wai bindigar wasanni ta zamani. Haruffan AR ɗin da mutane da yawa, har da 'yan jarida, suke zaton suna nufin farmaki, daga sunan kamfanin ArmaLite da ya fara ƙera ta aka ɗauko su. Kuma wadda ake sayar wa farar hula ba ta ɓarin wuta kamar ta soja, kowane jan kunama harsashi ɗaya ne, amma sau nawa aka ji mai gabatar da labarai ya kira ta mai sarrafa kanta? Ga wanda bai san bindiga ba wannan ƙaramin kuskure ne. Ga mutumin karkarar Montana da ya tashi yana farauta da babansa, daga wannan kalmar ya gama da kai, ya ce wanda bai san abin da yake magana a kai ba shi ne zai tsara min doka. Abin ya kai kamfanin dillancin labarai na AP ya shawarci ma'aikatansa su guji sunayen da suka zama na siyasa su kwatanta yadda bindigar ke aiki kawai. Haka ma sunan muhawarar kanta, wasu su ce taƙaita bindiga, wasu su ce kariya daga bindiga, wasu su ce 'yancin bindiga, da ka ji wadda mutum ya zaɓa ka san layin da yake.

Sai yaƙin lambobi, wanda shi ne ya fi shigowa wayoyinmu ba tare da mun sani ba. A Disamba 2015 bayan harin San Bernardino inda aka kashe mutum 14, kafafe suka cika da cewa an yi harbin kan mai uwa da wabi sau 355 a wannan shekarar. Sai editan mujallar Mother Jones, Mark Follman, wanda mujallarsa ma ta masu son taƙaita bindiga ce, ya rubuta a New York Times cewa a nasu lissafin sau 4 ne. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ma'auni ne ya bambanta. Na farko yana ƙirga duk inda harsashi ya sami mutum huɗu ko sama ko da babu wanda ya mutu, har da rikicin 'yan daba da faɗan cikin gida. Na biyu yana ƙirga wanda mutum ya shiga bainar jama'a ya yi ta kisa ba zaɓi. Matsalar ita ce in mai sauraro ya ji 355 hoton makaranta ne ke zuwa masa, alhali mafi yawansu harbin unguwannin nan ne da aka ƙi ba su lokaci a labarai. Abin takaici ke nan, ana aron gawarwakinsu don lamba ta yi nauyi amma ba a ba da labarinsu.

Bayan Parkland a Fabrairu 2018, inda aka kashe mutum 17, an yi ta yaɗa cewa wannan shi ne harbi na 18 a makarantu tun shigowar shekarar, ƙungiyar Everytown mai neman a taƙaita bindiga ce ta fitar, manyan 'yan siyasa da 'yan jarida suka maimaita. Washington Post ta bi diddigi ta ce lambar ba daidai ba ce, a ciki har da wani mutum da ya harbe kansa a mota a harabar makarantar da aka rufe watanni kafin nan. A wannan shekarar kuma gidan rediyon NPR ya duba rahoton ma'aikatar ilimi da ya ce makarantu kusan 240 sun sami harbi a zangon 2015 zuwa 2016, suka bi makarantun ɗaya bayan ɗaya, 11 kawai suka iya tabbatarwa. A lura fa waɗanda suka tona waɗannan kurakuran su ne gidajen da ake zargi da karkata hagu, wato ɓangaren 'yan Dimokurat, wannan ma ya kamata a faɗa.

Ɗaya ɓangaren shi ma yana da tasa lambar da yake ji da ita, wai Amurkawa suna kare kansu da bindiga sau miliyan 2.5 a shekara. Daga wani binciken wayar tarho na Gary Kleck da Marc Gertz na 1995 ta fito, kuma binciken da gwamnati ke yi duk shekara kan waɗanda aka yi wa laifi yana ba da adadin da ke yawo tsakanin dubu 60 da dubu 100 ne. Tazarar ta yi yawa ƙwarai, amma a shirye-shiryen dama, wato na ɓangaren 'yan Rifablikan, miliyan 2.5 ɗin kaɗai za ka ji kamar an gama magana.

Me ya sa ƙasa mai arziki da jami'o'i irin Amurka take fama da ƙarancin lambobi masu kyau? Da gangan aka yi. A 1993 wani likita, Arthur Kellermann, ya buga binciken da ya nuna ajiye bindiga a gida yana da alaƙa da ƙaruwar haɗarin kisa a gidan. NRA, babbar ƙungiyar masu kare 'yancin bindiga, ta harzuƙa, a 1996 majalisa ta saka wani sharaɗi da ake kira da sunan ɗan majalisa Jay Dickey wanda ya hana CDC kashe kuɗi a kan duk abin da zai zama tallata taƙaita bindiga, aka kuma cire dala miliyan 2.6 daga kasafinta, daidai abin da ta kashe kan binciken bindiga a shekarar da ta gabata. Masu bincike suka gane saƙon suka janye jiki sama da shekara 20. Shi Dickey ɗin kafin ya rasu ya fito ya ce ya yi nadama. Sai a ƙarshen 2019 majalisa ta ware dala miliyan 25 don wannan aiki. A duk tsawon lokacin nan ɗan jarida in yana neman lamba dole ya je wurin ƙungiyoyin da ke cikin faɗan, kuma kowa ya san mai kaya ba ya kushe kayansa.

Yanzu mu dawo kan zargin da masu bindiga ke yi cewa manyan jaridu ba sa yi musu adalci. Ni dai ina ganin suna da hujja. Wani binciken jami'ar Syracuse na 2022 ya nuna kashi 36 na 'yan jaridar Amurka suna kiran kansu 'yan Dimokurat, 'yan Rifablikan ba su kai kashi 4 ba, sauran yawanci suka ce ba su da jam'iyya. Kuma manyan ɗakunan labarai a Niyu Yok da Washinton da Los Anjeles suke, alhali Pew ta nuna a 2023 kashi 47 na mutanen karkara suna da bindiga, a birni kashi 20. Ba sai an yi taron sirri an ƙulla makirci ba, in duk abokan aikinka babu mai bindiga a gida to tambayar da za ta zo maka ita ce me zai sa mutum ya so wannan abu, ba za ta zo maka ba cewa matar da ke zaune ita kaɗai a gona, ofishin 'yan sanda mafi kusa da ita tafiyar rabin awa ne, me za ta yi in aka ɓalle mata ƙofa.

Wani lokacin kuma abin yana wuce rashin sani. A Disamba 2012, 'yan kwanaki bayan Sandy Hook inda aka kashe yara 20 da manya 6, wata jarida a jihar Niyu Yok mai suna Journal News ta buga taswira ɗauke da sunaye da adireshin mutanen da ke da lasisin ƙaramar bindiga a gundumomi biyu, mutanen da ba su yi laifin komai ba, a cikinsu har da tsofaffin 'yan sanda. Sai da aka yi ca a kansu suka cire ta a Janairu. A 2016 fitacciyar 'yar jarida Katie Couric ta yi wani fim na bincike inda ta tambayi 'yan wata ƙungiyar masu bindiga ta jihar Bajiniya yadda za a hana masu laifi sayen bindiga in babu binciken tarihin mai saye, a fim ɗin aka nuna sun yi tsit na wajen sakan takwas kamar an ƙure su, sai ga faifan muryar asali ya fito, ashe nan take suka fara ba da amsa, shirun daga wani wuri aka yanko aka liƙa. Ta fito ta amsa cewa an ɓatar da masu kallo. Irin wannan guda ɗaya ya isa ya sa miliyoyin mutane su toshe kunne shekara goma. New York Times kuwa a 5 ga Disamba 2015 ta saka ra'ayinta na neman taƙaita bindiga a shafin farko, abin da ba ta yi ba tun 1920, wannan aƙalla a fili ta yi ta ce ra'ayinta ne.

Wannan zaman cikin masu ra'ayi ɗaya yana sa su kansu 'yan jaridar su kasa karanta ƙasarsu. Kullum za ka ji ana cewa kusan kashi 90 na Amurkawa suna goyon bayan a binciki tarihin duk mai sayen bindiga, to me ya sa ƙudurin Sanatoci Manchin da Toomey na faɗaɗa wannan binciken ya faɗi a majalisar dattawa a Afrilu 2013 da ƙuri'a 54 alhali 60 ake nema? Amsar da aka saba bayarwa ita ce kuɗin NRA. Kuɗin yana da tasiri, amma a 2016 an kai irin wannan doka gaban masu zaɓe kai tsaye a jihar Maine ta faɗi, a Nevada da ƙyar ta tsallake da ƙasa da kashi ɗaya. Amsa tambayar mai bincike a waya daban, jefa ƙuri'a bayan an ji bayanin kowane ɓangare daban, kuma mai bindiga yakan yi zaɓe a kan wannan batu shi kaɗai, ɗayan kuma yana da wasu abubuwa goma a gabansa.

To kar wani ya ɗauka kafafen dama su ne masu gaskiya, ina, nasu ma ya fi muni ta wasu fuskoki. Mako ɗaya bayan Sandy Hook shugaban NRA Wayne LaPierre ya tsaya ya ce babu abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga, kuma tun daga ranar wannan jimla ta zama ma'aunin zaɓen labari a wurinsu. Da wani matashi ɗan shekara 22 ya harbe maharin wata cibiyar kasuwanci a Greenwood ta jihar Indiyana a Yuli 2022, an yi ta yayata shi, kuma ya cancanci yabo. Amma Uvalde fa, inda masu bindiga 376 suka tsaya a waje? Ko Buffalo, kwana goma kafin Uvalde, inda mai gadin kantin, tsohon ɗan sanda, ya harbi maharin amma rigar sulke ta tare, shi ma aka kashe shi cikin baƙaƙen fata 10 da aka hallaka? Sannan kullum Shikago, Shikago, wai ga birni mai tsauraran dokoki ga kisa, ba za a gaya maka cewa in aka auna da yawan jama'a St. Louis da New Orleans sun fi ta ba, ko cewa kaso mai yawa na bindigogin da ake kamawa a can daga wasu jihohi irin maƙwabciyarta Indiyana ake shigo da su. A matakin jiha, a 2021 Mississippi mai sassaucin doka tana da mutuwar bindiga kusan 34 cikin kowane mutum dubu 100, Massachusetts mai tsauri ba ta kai 4 ba.

Kuma 'yancin da suke karewa wani lokaci yana duba launin fata. A Yuli 2016 ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a jihar Minnesota, baƙar fata ne mai lasisin bindiga, da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa yana ɗauke da ita, cikin 'yan sakanni aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. In da akwai shari'ar da ta dace masu kare 'yancin bindiga su tayar da ƙura a kai to wannan ce, amma NRA ta yi ta noƙe-noƙe har wasu 'ya'yanta suka yi ta ƙorafi. Abin yana da tarihi, a 1967, bayan 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther sun fara yawo da bindiga a fili a Kalifoniya, Ronald Reagan ne a matsayin gwamna ya sa hannu a dokar hana hakan.

Mafi ƙazanta shi ne na Alex Jones na Infowars, wanda ya shafe shekaru yana gaya wa mabiyansa cewa Sandy Hook shiri ne, iyayen 'yan wasan kwaikwayo ne, an ƙirƙira don a ƙwace bindigogi. Mutanen da suka binne 'ya'yansu 'yan shekara shida da bakwai aka riƙa bin su da zagi da barazana har wasu suka yi ta sauya gida. A 2022 kotuna suka yanke masa diyyar da ta haura dala biliyan ɗaya.

Akwai wani ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na Musulmi masu sauraro. Wanene maharin shi ke yanke irin muhawarar da za a yi. In Musulmi ne kamar na San Bernardino ko Orlando, kafafen dama su ce ta'addanci ne a rufe iyaka, na hagu su ce a duba yadda ya sami bindiga. In farar fata ne mai aƙidar wariyar launi kamar na cocin Charleston a 2015 ko El Paso a 2019 sai su yi musaya, na hagu su kama aƙida, na dama su ce tabin hankali ne. Wasu malaman jami'a da suka bi hare-haren ta'addanci a Amurka daga 2006 zuwa 2015 sun gano wanda Musulmi ya kai yana samun rahotanni fiye da na wasu da kashi 357. Shi kuwa wanda ya kashe mutum 58 a dare ɗaya a Las Vegas a 2017, sai ga kanun labarai na cewa mutum ne mai son caca da waƙoƙin karkara wanda ya yi rayuwarsa shiru.

Da gangan ban ambaci sunan ko ɗaya daga cikin maharan nan ba. A 2007 wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech ya aika wa NBC bidiyonsa, suka nuna, ya sami abin da yake so. Bayan harin gidan sinima na Aurora a 2012 iyayen wani da aka kashe suka fara kamfe cewa a daina ɗaukaka sunan makasa domin na baya suna nazarin na gaba suna neman su fi su suna. Da aka kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a Maris 2019, firaministar Niyu Zilan Jacinda Ardern ta ce ba za a taɓa jin sunansa a bakinta ba. A wannan gaɓar dai an sami ci gaba, gidaje da yawa yanzu sun rage.

Na tuna a Yuni 2022, watan da Kotun Ƙolin Amurka ta faɗaɗa 'yancin ɗaukar bindiga a waje a shari'ar Bruen kuma Biden ya sa hannu a dokar bindiga mafi girma cikin kusan shekara 30, a watan ne gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Na ga mutanenmu a Facebook kowa yana jawo Amurka a matsayin hujja, wannan ya ce ai can kowa na da bindiga shi ya sa ba a kai wa ƙauye hari, wancan ya ce ai can kullum sai an harbe yara a makaranta. Dukansu daga hoton da kyamara ta zaɓa suke magana, kuma halin da manomin Zurmi ke ciki ba shi da kama da na mutumin Teksas.

Akwai labaran da ni nake ganin su ya kamata su cika allo. A Boston a tsakiyar shekarun 1990 'yan sanda da limaman coci da ma'aikatan unguwa suka gano cewa 'yan samari ƙalilan ne ke yin mafi yawan harbin, suka tara su ido da ido suka yi musu gargaɗi tare da tayin taimako, kisan matasa ya faɗi sosai, daga baya Oakland ta gwada ta ga amfani. A jihar New Hampshire kuma a 2009 mutum uku cikin ƙasa da mako ɗaya suka sayi bindiga a shago ɗaya, kowanne ya harbe kansa cikin 'yan awanni. Mai shagon abin ya tsaya masa a rai, ya zauna da ma'aikatan lafiya, mutanen da a siyasa ba sa ga maciji da juna, suka tsara yadda mai sayarwa zai gane wanda ya shigo cikin damuwa ya ƙi sayar masa, da yadda za a shawarci iyali su ɗauke bindiga daga gida na ɗan lokaci in wani nasu ya shiga ƙunci. Dalilin a fili yake, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa da bindiga kusan 9 cikin 10 yana mutuwa, wanda ya sha ƙwayoyi mafi yawa ana ceto shi, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira ba sa komawa su mutu ta hanyar kashe kai daga baya. Tsarin ya bazu zuwa jihohi da dama, har a 2016 ƙungiyar masana'antar bindiga ta ƙasa ta haɗa gwiwa da babbar gidauniyar yaƙi da kashe kai suna raba takardun wayar da kai a shagunan bindiga da filayen koyon harbi.